Gwanki Sha Bara: Dafi, Sango da Harsashi a Tarihin Farautar Kudancin Katsina

Wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori a lokacin kaka ba zai ga komai dama da hagu ba sai gonaki: masara, dawa, waken suya, da auduga nan da can. Da wuya ya ga ko da gada ta gilma. Amma bakin mutanen wannan ƙasa cike yake da namun da idanunsu ba su taɓa gani ba. Ana kiran babban mutum toron giwa. Ana yi wa ɓauna kirari da saniyar sake. Wanda aka daɗe ana kai wa hari bai faɗi ba kuwa, shi ne gwanki sha bara.

Wannan kirari na gwanki ya adana wata tsohuwar matsala ta maharba. Bara ita ce auna dabba da makami. Maharbi ya auna, ya saki, wani lokaci har ya samu, amma gwanki ya kaɗa kai ya shige daji da kibiya a jikinsa. Samun dabba daban, kayar da ita daban. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu akwai tarihi mai tsawo, wanda ya haɗa maƙerin ƙauye da masana'antun Birmingham, ya haɗa malaman fiƙihun Malikiyya da dokokin Turawan mulki. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ɗaya ce: me ke kashe babbar dabba, ƙarfin dukan da makami ya yi mata, ko zurfin da ya ratsa cikinta?

Dajin da yaƙi ya raina

A ƙarni na 19 kudancin Katsina bai cika da mutane kamar yau ba. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Katsina na dauri sun koma arewa sun kafa Maraɗi, kuma shekara da shekaru mayaƙansu suna kawo hari ƙasar da aka ƙwace musu. Mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, aka bar sarari mai faɗi babu noma. Inda garma ta janye, daji yake dawowa. Dajin Rugu a yamma, da dazuzzukan da suka miƙa ta Kogo zuwa Kuyambana da Birnin Gwari, sun zama mafakar mahara, sun kuma zama gidan giwa da ɓauna da gwanki da kanki da zaki.

Masu shiga wannan daji iri biyu ne. Akwai mafarauta na gayya, waɗanda ke fita da rani da karnuka da kulake da kiɗan tauri, su kewaye daji su tayar da zomo da gada da mugun dawa. Akwai kuma maharbi, wanda ke tafiya shi kaɗai ko da yaronsa, ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har dabba ta ɗauke shi tsuntsu. Shi ne mai harka da manyan namun daji, kuma a cikin irinsa ake naɗa Sarkin Baka. Sana'arsa gado ce, da asirinta da haninta.

Abin da yake fuskanta ba ƙarami ba ne. Gwanki yakan kai kilo 250 zuwa 300. Toron giwa yakan kai tan 5 ko 6, fatarsa a wasu wurare ta kai kaurin santimita biyu da rabi, bayanta ga tsoka ga haƙarƙari. Ƙoƙon kansa kuwa kamar saƙar zuma yake, ƙashi ne mai ramuka cike da iska, ƙwaƙwalwar tana can ciki ta baya. Duk makamin da bai kai ga zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa ko laka ba, fusata dabbar kawai ya yi.

Lissafin da ke cikin harbi

Masana kimiyya suna auna kuzarin abin da aka harba da ma'aunin da ake kira jul. Lissafinsa shi ne rabin nauyin abin, a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudunsa. Ma'anar wannan ita ce, idan aka ninka nauyin harsashi sau biyu, kuzarinsa ya ninku sau biyu. Idan kuwa gudunsa aka ninka sau biyu, kuzarin ya ninku sau huɗu. Shi ya sa masu sayar da harsashi suke son wannan adadi, domin ƙaramin ƙari a gudu yana kumbura shi.

Sai dai kuzari ba ya faɗin inda za a kashe shi. Mutum zai iya naushin buhun masara da dukan ƙarfinsa, buhun ya girgiza, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Yaro kuwa ya soka masa basilla da yatsa biyu ta shige har gindi. Naushin ya fi kuzari nesa ba kusa ba, amma ya bazu a faɗin dunƙulen hannu, basilla kuwa ta tara ɗan nata a tsini guda.

Abubuwa huɗu ne ke hukunta zurfin ratsawa. Na farko, yawan nauyin da ke bayan kowane yanki na goshin makamin: dogon abu siriri ya fi dunƙulalle ratsawa ko da nauyinsu ɗaya. Na biyu, taurinsa: dalma zalla tana baje wa idan ta gamu da ƙashi, goshinta ya ƙara faɗi, ta tsaya. Na uku, tafiya a miƙe: harsashin da ya juya a cikin nama ya koma tafiya da gefensa, ya ɓata kuzarinsa a banza. Na huɗu, kuma mafi girma, inda aka auna. Maharban ƙasar Hausa ba su san jul ba, amma kowace mafita da suka samo amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan huɗun.

Mafita ta farko: dafi

Kibiyar Bahaushe ba ta da nauyi. Kyauro ne siriri da kan ƙarfe mai kunne, ba a ma sa mata gashin tsuntsu a gindi. Kuzarinta bai kai jul 100 ba. Da irin wannan ba a karya haƙarƙarin ɓauna. Saboda haka maharbi ya sauya tambayar gaba ɗaya: maimakon kibiya ta kai ga zuciya, ta huda fata kawai, jini ya kai saƙon.

Ginshiƙin dafin shi ne 'ya'yan kwankwani, tsiron da masana ke kira Strophanthus, wanda likitan nan J. M. Dalziel ya sanya cikin littafinsa na sunayen itatuwan Hausa a 1916. Sinadarin da ke cikinsa yana kama tsokar zuciya ne kai tsaye, ya hargitsa bugunta har ta tsaya. Ba ƙasar Hausa kaɗai ta san shi ba. A tafiyar David Livingstone ta kogin Zambezi, wadda aka fara a 1858, likitan tawagar John Kirk ya goge haƙoransa da burushin da ya kwana a aljihu ɗaya da ɗan dafin wani jinsin wannan tsiro, ya ji ɗaci, sa'an nan ya lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga nan Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya tace sinadarin, kuma a 1885 ya gabatar da shi a matsayin maganin ciwon zuciya. Abin da maharbi ke shafa wa kibiya shi ne likitocin Turai suka yi shekaru suna ɗura wa marasa lafiya, bambancin yana ga awo.

Dafi yana da tsadarsa. Ba ya kayar da babbar dabba nan take. Sai maharbi ya bi sawu, wani lokaci yini guda, wani lokaci ya rasa ta ungulu su gaje shi. Sa'an nan ga matsalar addini.

Abin da malamai suka ce

Abin mamaki, tun kafin a ƙera bindiga shari'ar Musulunci ta riga ta raba duka da ratsawa. Suratul Ma'ida ta haramta cin dabbar da aka buge ta mutu. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da wani makami mai kama da sanda mai tsini. Amsar da aka ba shi ta rataya ne a kan yadda makamin ya samu dabbar: in tsinin ne ya huda ta, a ci, in da gefensa ya buge ta ta mutu, mushe ce. Makami ɗaya, hannu ɗaya, kuzari ɗaya, amma hukunci biyu.

A kan wannan ne malaman Malikiyya suka hana cin abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu, irin wanda ake harbawa da baka, domin yana farfasa ne ba ya hudawa. Da harsashin dalma ya bayyana sai aka yi saɓani, tun da magabata ba su san shi ba. Malaman baya, ciki har da Dardir da Dasuƙi, waɗanda sharhinsu a kan Mukhtasar na Khalil sananne ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, sun kawo ra'ayin halasci, bisa hujjar cewa dalma tana ratsawa tana zubar da jini fiye da sauran makamai. Game da makami mai dafi kuwa, Mukhtasar ya sanya shi cikin abubuwan da ke jefa shakka: idan ba a tabbatar ko raunin ne ya kashe ko dafin ba, ba a ci. Wannan ya sa dole maharbi Musulmi ya yi ƙoƙarin cim ma dabba da sauran ranta ya yanka. Naman giwa shi kansa makaruhi ne a wannan littafi, amma ba don nama ake bin giwa ba tun farko. Don haure ne.

Mafita ta biyu: sango

Bindiga ta daɗe da shigowa wannan yanki na Afirka. Mai Idris Aloma na Borno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16. Amma wadda ta yaɗu a hannun talaka ita ce doguwar bindigar nan mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki, wadda ake kira adaka ko bindigar toka, wasu kuma su ce harba-ka-ruga. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmark, waɗanda ke da sansanin ciniki a Accra har zuwa 1850, ko da yake akasarin bindigogin a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera su. Sun hauro arewa ta Ilorin da Nupe da hanyar fataken goro ta Gwanja, daga bisani maƙeran gida suka koyi gyara su da ƙera irinsu.

Adaka tana da ƙara, tana da hayaƙi, amma ga giwa ba ta da wani abin kirki. A ɗauki dunƙulen dalma irin na bindigogin sojan Ingila na ƙarni na 18, mai nauyin gram 32 da faɗin milimita 17 da rabi. Idan ya fita da gudun mita 300 a daƙiƙa, kuzarinsa ya kusa jul 1,500, wato ya ninka na kibiya fiye da sau goma sha biyar. Amma nauyin da ke bayan kowace santimita murabba'i ta goshinsa gram 13 ne kacal, ga shi dalma ce mai laushi. Wannan ma idan an sami harsashin da ya cika bakin bindiga ke nan da albarushi mai kyau. Maharbin da ya ɗura guntayen ƙarfe da tsakuwa abin da zai samu bai kai haka ba.

Amsar da maharba suka bayar ita ce sango. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya san kalmar: mashi ne na kashe giwa, wanda ake cusa ƙotarsa cikin bakin bindiga a harba. Kansa ƙarfe ne mai kaifi, an shafe shi da dafi. A lissafin zamani, wanda ya ƙirƙiro sango ya warware matsaloli uku a lokaci guda. Ya tara nauyi mai yawa a bayan tsini ɗaya. Ya maye gurbin dalma mai bajewa da ƙarfe mai yanka. Kuma ko da bai kai ga zuciya ba, ya kai dafin can cikin tsoka inda jini ke gudu, wurin da kibiya ba ta isa. Ya sayar da gudu ya sayi zurfi.

Kuɗin da ya biya shi ne nisa. Abu mai nauyi haka ba ya tafiya da nisa a miƙe, don haka sai maharbi ya matso ƙwarai, ta inda iska ba za ta kai wa giwa warinsa ba, ya harba sau ɗaya. Ba shi da harbi na biyu. Sunan harba-ka-ruga ba wasa ba ne.

Haure kuwa yana da kasuwa. A ƙarni na 19 fataken Hausa sun riƙe cinikin hauren giwa daga Adamawa, suna kai shi Kano ya bi ayarin raƙuma zuwa Tarabulus, daga baya kuma jiragen kamfanonin Turawa a kogin Binuwai suka shiga takara da raƙuman.

Turawa sun bi ta doguwar hanya

Mafarautan Turawa sun gamu da wannan matsala a kudanci da gabashin Afirka, kuma amsarsu ta farko ita ce ƙara girma. Frederick Selous, wanda ya fara farautar giwa a ƙasar Matabele a farkon shekarun 1870, yana amfani da wata ƙatuwar bindiga mai ɗurin baki, harsashinta dunƙulen dalma ne mai gram 113. In aka ƙaddara gudunsa mita 400 a daƙiƙa, kuzarinsa jul 9,000 ne. Amma faɗinsa ya haura milimita 25, don haka nauyin da ke bayan kowace santimita murabba'i bai wuce gram 20 da 'yan kai ba. Giwaye da yawa sun sha harbi uku, huɗu, kafin su faɗi. Bindigar kuma tana dukan mai ita kusan yadda take dukan dabba: wata rana da aka ɗura mata albarushi sau biyu bisa kuskure, ta yi jifa da Selous ta tsaga masa fuska, kuma shi da kansa ya ce irin waɗannan bindigogi sun lalata masa natsuwar hannu.

Canji ya zo daga ɗakunan binciken soja. A 1882 Eduard Rubin na Suwizalan ya sanya wa dalma rigar ƙarfe. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, Ingila ta biyo da nata a 1889. Da waɗannan biyu aka sami dogon harsashi siriri, mai gudu, wanda ba ya bajewa. A 1898 kamfanin John Rigby na Landan ya fitar da .450 Nitro Express: gram 31, gudun mita 655, kuzari wajen jul 6,600. Bai kai na Selous kuzari ba, amma ya fi shi ratsawa, domin gram 29 ne ke bayan kowace santimita murabba'i, kuma kansa ba ya lanƙwasa.

Wanda ya kai wannan hujja maƙura shi ne W. D. M. Bell, ɗan Sikotilan da aka fi sani da Karamojo Bell. Ya kashe giwaye 1,011, kimanin 800 daga ciki da ƙaramar bindiga mai harsashin 7×57 Mauser: gram 11, gudun mita 700, kuzari ƙasa da jul 2,800. Ko sulusin na Selous bai kai ba. Sirrinsa biyu ne. Harsashin dogo ne mai rigar ƙarfe da dunƙulallen kai, gram 27 a bayan kowace santimita murabba'i, yana tafiya a miƙe cikin ƙashi. Sa'an nan Bell ya sa zarto ya tsaga ƙoƙon kan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Abin da maharbin sango ya gane ta hanyar gado, shi Bell ya gano da zarto.

Akwai kuma harsashin da aka ƙera don ya yi akasin haka. A shekarun 1890, a ma'ajiyar makamai ta Dum Dum kusa da Kalkata, sojan Ingila sun buɗe kan rigar harsashi domin dalma ta baje a cikin jiki. Taron Hague na 1899 ya hana amfani da irinsa a yaƙi, amma ya zauna a farauta, inda yake da amfani ga dabba mai laushin fata kamar barewa ko zaki: yana faɗaɗa rauni, ya zubar da kuzarinsa a ciki. A kan goshin giwa kuwa, wannan halin nasa shi ne aibinsa. Har yau dokokin farauta sun gane cewa adadi ɗaya bai isa ba. Zimbabwe, alal misali, ta gindaya sharaɗi biyu ga mai harbin giwa ko ɓauna ko dorina: kuzari aƙalla jul 5,300, da faɗin harsashi aƙalla milimita 9.2.

Dokar da ta raba bindigogi biyu

Wannan sabon harsashi bai iso hannun maharbin Maska ko na Faskari ba, kuma da gangan ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Shekara goma sha uku bayan haka aka ga amfanin wannan tsari ga masu shi. A 1903, a Kano da Sakkwato da Burmi, mahaya masu lifidi da sulke da 'yan baka sun fuskanci bindiga mai ruwa ta Maxim. Lifidin da aka ɗinka don ya tare kibiya bai san da harsashi mai rigar ƙarfe ba. Katsina ta miƙa wuya a wannan shekarar ba tare da yaƙi ba.

Daga nan dokokin kare namun daji suka biyo. Taron Landan na 1900 ya ba da shawarar ƙwace duk hauren da bai kai kilo 5 ba, don a bar ƙananan giwaye su girma. Nijeriya ta yi dokar kare namun daji a 1916. Yarjejeniyar Landan ta 1933 ta nemi a hana kewaye dabbobi da wuta da kuma amfani da dafi ko makami mai dafi. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963. A takarda, manufar ita ce ceton dabbobi. A aikace, kayan aikin maharbin gida, wato dafi da sango da wuta, su ne suka zama laifi, alhali mai lasisi da bindigar Landan yana harbinsa da sunan wasa. Dokar makamai ta 1959, wadda ke aiki har yanzu, ta riƙe wannan rabo: bindigogin ɗurin baki suna da ajinsu daban, a ƙasan jerin.

Abin da ya cinye dajin

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora ƙarewar manyan namun kudancin Katsina a kan sango ko a kan Mauser kaɗai. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890, wadda Fulani suka yi wa laƙabi da sannu, ba shanu kaɗai ta kashe ba. Ɓauna ma tana kamuwa da ita. Bayan 1903 harin Maraɗi ya tsaya, mutane suka fito daga ganuwa suka bazu cikin daji suna sara.

Sai auduga ta zo. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta ga cewa ƙasar da ke tsakanin Zariya da Gusau ta dace da bukatarta. Aka kawo irin auduga na Amurka mai suna Allen, aka buɗe gonar iri a Daudawa a shekarun 1920, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya bi ta Funtua ya mai da ita babbar kasuwa. Garmar shanu ta ba mutum ɗaya ikon noma abin da a da sai gayya. A 1975 shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa tare da na Gusau da Gombe, ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ciyar da mutane, kuma kowane ya ci daji. Giwa tana cin ganye da ciyawa fiye da kilo 100 a yini, tana kuma bukatar hanya mai tsawo tsakanin mashaya da makiyaya. Ba ta zama a tsakanin gonaki biyu.

Abin da ya rage ya ja da baya zuwa gandayen daji. An keɓe Kamuku a ƙasar Birnin Gwari tun 1936, ta zama gandun ƙasa a 1999. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙara gandayen ƙasa goma, dajin Kogo na jihar Katsina yana cikinsu. A faɗin Nijeriya kuwa, ƙiyasin da aka bayar a 2024 shi ne giwayen da suka rage ba su wuce 300 zuwa 400 ba, garke mafi shahara yana Yankari. A watan Janairun wannan shekarar aka niƙe tan biyu da rabi na hauren giwa da aka kama, a Abuja.

Dajin da ya sauya masu shi

Yau dazuzzukan da ke yamma da Funtua da Malumfashi suna cikin labarai kusan kullum, amma ba don giwa ba. Mazauna Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun san su a matsayin maɓoyar 'yan bindiga. Daga makarantar kwana ta Ƙanƙara aka kwashi ɗalibai fiye da 300 a daren 11 ga Disamba 2020 aka nausa daji da su. Makamin da ke mulkin wannan daji shi ne AK-47. Harsashinta gram 8 ne, kuzarinsa kimanin jul 2,000, ƙasa da na Bell, kuma babu mafaraucin giwa da zai zaɓe shi. Ba don giwa aka ƙera shi ba. An ƙera shi ne don jikin da bai da kaurin fata ko saƙar ƙashi, kuma gidan harsashinta yana ɗaukar talatin.

A ɗaya ɓangaren, mutanen da ƙauyuka suka fara turawa gaba su ne jikokin maharba, domin su suka san daji. Da yawansu har yanzu adaka ce a kafaɗarsu, harbi ɗaya, kamar yadda Brussels ta tsara a 1890. A Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma don ta cike wani ɓangare na wannan giɓi. Sanin da aka tara ƙarni bayan ƙarni, na karanta sawu da iska da matsowa kusa ba a ji ba, an juya shi daga dabba zuwa mutum.

Sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da yawa, ana kuma fitowa da kwari da baka da kan burtu ranar hawan salla. Kalmar sango kuwa ta koma cikin ƙamus, matasa ƙalilan ne za su iya faɗin ma'anarta. Gwanki ya sha bara daga kibiya, ya sha daga adaka, ya sha daga bindigar Bature, kirarinsa ya tabbata a kan dukansu. Garma ce ba ta taɓa auna shi ba, kuma ita ce ta raba shi da ƙasar.